Ruwan Uke da Gilashi Mai Launin Zinariya

A shekarun da aka ɗauke kujerar mulkin ƙasar nan daga Legas aka kawo ta Abuja, ni ma an ɗauke ni, tare da kwanukana na gilashi da ma'aunaina da akwatunan sinadarai. Ina shugabantar wani ƙaramin sashen bincike a ƙarƙashin gwamnati, kuma ba na jin nauyin faɗin cewa a lokacin ba su da yawa a ƙasar nan waɗanda suka fi ni sanin aikin da nake yi. Mun yi karatu a zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba littafinsa, kuma wannan tarbiyya ta bi ni har cikin ɗakin gwaji.

Ya kamata in bayyana aikin, domin abin da zan ba da labari a kansa ya rataya. Akwai sinadaran da ba sa barin lantarki ya ratsa su yadda yake ratsa wayar tagulla, ba sa kuma tare shi ɗungum yadda roba ke yi. Suna tsakani, kuma a cikinsu akwai waɗanda haske ne ke buɗe musu hanya: in rana ta taɓa su lantarki ya wuce, in duhu ya rufe su ya tsaya. Da irinsu ake yin farantin da ke zuƙar hasken rana, da idon da ke kunna fitilar titi da kansa idan magariba ta yi. Rainonsu ake yi. Ana wanke ɗan sillen gilashi tas, a tsoma shi cikin ruwan da aka haɗa da gishirin wani ƙarfe mai suna kadmiyom da wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, a ɗumama, sannan a janye hannu. A hankali ƙananan ƙwayoyi ke sauka suna jeruwa a jikin gilashin, kowace tana kama ta kusa da ita bisa tsari, yadda gishiri ke haɗa ƙwaya idan ruwa ya ƙafe, har su zama wata fata da ta fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba. In an dace sai ta fito rawaya, sumul, tana ɗaukar ido. Ba a taɓa gilashin da yatsa, ba a girgiza kwanon, kuma ruwan dole ya fi wanda ake sha tsabta.

A nan Abuja ta kayar da ni. An sauke mu a wani ginin wucin gadi wajen Durumi, babu famfo, sai tankar da ke kawo ruwa idan ta ga dama. Ruwan tankar nan cike yake da tsatsa da farar ƙasa, har ya toshe na'urar da nake dafa ruwa da ita in tara tururinsa. Fatar da nake raino ta riƙa fitowa da zane-zane kamar fuskar mai ƙyanda. Na zargi sinadaran, na zargi masu ɗauko kayan daga Legas cewa sun bar su a rana, har mai sharar ɗakin na sa wa ido. Daga ƙarshe na tabbatar ruwan ne.

Direban da aka ba ni, wani magidanci mai yawan surutu da ke haya a Masaka, shi ya ce mini akwai wata maɓuɓɓuga a bayan garin Uke, a kan hanyar Keffi, tana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, rani da damina. Muka ɗauki jarkoki muka tafi a motar ofis, mai lambar gwamnati a gaba da baya.

Maɓuɓɓugar tana tsakiyar gonar doya. Mai gonar dattijo ne daga mutanen ƙasar na asali, gajere, mai faɗin kafaɗa, Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa. Da ya ga motar bai ƙaraso ba. Ya tsaya daga nesa da fartanya a kafaɗa, yana duban lambar motar, ba ya duban fuskata. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na tambayi lafiyar gida da aiki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, “Ruwa ba nawa ba ne, Oga. Na Allah ne. Amma gona nawa ne.”

Na ce, “Baba, ruwan na zo roƙo. Gona ba ni da abin da zan yi da ita.”

“Haka waɗancan ma suka ce wa ɗan'uwana. Suka zo da mota irin wannan, suka ce auna kawai za su yi. Yanzu inda yake shuka doya an yi titi.”

Ban yi gardama ba, domin na san an tashi ƙauyuka da yawa kafin a shimfiɗa birnin da aka kawo mu. Ya bar ni na cika jarkokin, yana tsaye a kaina har na gama. Ruwan kuwa ya cika alkawari. Na'urata ta daina toshewa, fatar ta fara fitowa yadda ban taɓa samun ta ba ko a Legas.

Na ci gaba da zuwa. Ba zan ce dattijon ya saki jiki da ni ba, amma ya daina duban lambar motar, kuma ba na tafiya bai sa an jefa mini doya a bayan mota ba. Wannan ya dame ni. A gidanmu ba a karɓar kyauta a yi shiru. Akwai tukuici, ko da goro ne. Duk abin da na miƙa masa sai ya mayar, ya ce ba a biyan ruwa. Wata rana ya tambaye ni abin da nake yi da ruwa mai yawa haka, ko wanka ne gwamnati ta rasa inda za ta yi. Na ga lokaci ya yi. Da na dawo sai na zo masa da mafi kyawun gilashin da na taɓa raino, na kuma zo da ɗan batir da mita mai allura. Na haɗa wayoyi a gefen gilashin na ɗora shi a rana, allurar ta tashi. Na cire hulata na rufe shi, allurar ta kwanta. Na ɗaga, ta tashi.

Dattijon ya ja da baya kaɗan. Ya ce, “Yana gani.”

Na ce, “Haske yake ji, Baba. Kuma da ruwanka aka yi shi. Wannan naka ne, tukuicin doya.”

Ya karɓa ta gefe yadda na nuna masa, ya ɗaga shi sama. Rana ta ratsa ta ciki, rawayar ta zuba a kan tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe shi a gefen rigarsa. Har yau ina ganin na yi abin da ɗan mutunci ke yi.

Zuwan da ya biyo baya, tun daga titi na hango mutane a gonar. Mutanen arewa ne irin waɗanda suka cika Abuja a lokacin, masu haƙar rijiya da tushen gini, suna bin aiki duk inda ya faɗo. Sun zo da diga da shebur da kwanukan tasa. Sun riga sun haƙa ramuka a gefen maɓuɓɓugar, sun tumɓuke kunyar doya da dama, wasu suna durƙushe suna wanke yashi a cikin tasa. Ruwan da na sani garau ya koma kalar kunu. Dattijon yana zaune a kan dutse, fartanyarsa a kan cinya, bai tashi ya gaishe ni ba.

Ya ce, “Ka ga aikinka, Oga. Sun ce zinariya yana cikin ruwa. Sun ce gwamnati yana kwasa a jarka.”

Na tambaye shi wa ya nuna wa gilashin. Ya rantse bai nuna wa kowa ba. Na waiwaya na dubi direbana, shi kuwa ya sunkuya yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Na san inda yake shan shayi a Masaka, na kuma san bakinsa, amma ban taɓa kama shi da hujja ba, shi ma bai taɓa amsawa ba. Dattijon ma ban wanke shi a zuciyata ba, domin mutum ba ya samun abin mamaki ya kwana da shi shi kaɗai.

Shugaban masu haƙar ya fito daga rami yana kakkaɓe hannu. Dogo ne, mai gemu, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na gaya masa a fili cewa babu zinariya a wurin, kuma gonar mutum ce suke ɓatawa.

Ya yi murmushi ya ce, “Yallaɓai, mu da kai duk 'yan ci-rani ne. Bambancin kawai kai an ba ka mota.”

Na ce, “Ni aikin ilimi nake yi.”

“To, Allah ya ƙara ilimi. Amma babban mutum irinka ya baro Abuja, ya wuce rijiyoyin Masaka duka, ya zo har nan ɗiban ruwa? Ko na shan minista ne?”

Mutanensa suka yi dariya. Na lura duk abin da na faɗa yana ƙara musu tabbaci ne. In na ce babu, sai su ce ɓoyewa nake. In na ce su tafi, sai su ce wurin nake so ni kaɗai. Dattijon kuwa tsoronsa biyu ne: ko masu diga su cinye gonar daga ƙasa, ko labarin ya kai ofis a zo da takarda a karɓe ta gaba ɗaya. Doyarsa ba ta nuna ba, kuma iyalinsa da ita suke ci har wata shekara.

Muka je wurin mai unguwa, mutum mai sanyin magana wanda ya fi kowa son a rabu lafiya. Ya saurare mu a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Na ce, “Ranka ya daɗe, magana ba za ta raba wannan ba. A ba ni rana. Zan yi wannan gilashi a gaban kowa, da ruwan da kuka zaɓa, ba na maɓuɓɓugar ba. In ya fito rawaya, kun ga ke nan launin daga sinadaraina yake.” Mai unguwa ya amince, ya ce a dakatar da haƙa har ranar. Mai gemu ya ce ya yarda, da sharaɗin shi zai zuba komai da hannunsa.

Ranar na iso da hantsi da kwanon gilashi da risho da kwalaben sinadarai. Jama'a sun cika gindin mangwaron, manoma a gefe guda, masu haƙa a gefe guda, dattijon shi kaɗai a tsakani a kan ɗan kututture. Aka ɗebo ruwa daga rijiyar gidan mai unguwa. Ban so ruwan ba, domin da ido ma ana ganin ba garau ba ne, amma alkawari na yi.

Kafin in fara sai mai gemu ya ce, “Yallaɓai, rigar nan taka tana da faɗi.”

Babbar riga ce ta shadda, ɗinkin Zariya, wadda nake sawa idan zan tsaya gaban manya. Na tambaye shi abin da yake nufi. Ya ce ba ya nufin komai, sai dai hannun riga irin wannan yana iya ɗaukar akuya ba a sani ba. Na dubi mai unguwa ina jiran ya tsawatar, shi kuwa ya dubi ƙasa. Tun da na zama mutum ba a taɓa cewa in tuɓe a gaban jama'a ba. Na dubi dattijon, na ga shi ma hannun rigar yake kallo. Na cire ta, na ninke, na miƙa wa direba, na zauna da 'yar ciki kamar ɗan makaranta.

Na riƙa faɗa, mai gemu yana zubawa. Na nuna masa yadda ake riƙe gilashin ta gefe. Da hannunsa da ke fasa dutse ya tallabi ɗan sillen nan kamar ƙwai, har wani daga mutanensa ya ce masa ya saki jiki, ba jaririn maƙwabta ba ne. Ya tsoma shi, aka ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan ɗumi a kan risho. Warin sinadarin amoniya ya tashi, na gaba suka toshe hanci. Na ce daga yanzu kada wanda ya taɓa, kada wanda ya jijjiga tabarmar.

Sai zaman jira. A ɗakin gwaji wannan lokaci ne na fi so, domin aikin yana yin kansa, mutum yana zaune da tunaninsa. A gindin mangwaron nan kuwa babu mai kallon kwanon sai ni. Sauran duk hannuwana suke kallo. Na ɗora su a kan gwiwa. Ƙuda ya sauka a goshina ban kore shi ba. Da lokacin azahar ya yi, masu haƙar suka raba kansu, wasu suka yi salla wasu suka tsaya gadi, sannan suka yi musanya. Da na tashi yin tawa, mai gemu ya raka ni har wurin buta, yana cewa ladabi ne.

Ruwan kwanon ya fara sauyawa, daga fari zuwa kalar lemon tsami, daga nan zuwa kalar ƙwaiduwa. Surutu ya mutu. Da na ga ya isa, na ce wa mai gemu ya zaro gilashin ya ɗauraye. Fatar ba ta yi kyau ba, duk tabo ce, irin wadda a ɗakina da kwandon shara za ta. Amma rawaya ce, kuma da rana ta taɓa ta sai ta yi ƙyalli.

Na ce, “To, kun gani. Ba ruwan maɓuɓɓuga ba ne.”

Mai gemu ya juya gilashin a hannunsa, ya dubi rijiyar, ya dubi mai unguwa. Ya ce, “Ashe har a nan akwai ta. Ranka ya daɗe, kana zaune a kan arziki.”

Fuskar mai unguwa ta sauya. Na ga wasu daga masu haƙar suna auna tsakar gidansa da ido. A cikin manoman ma aka fara raɗa. Na zo ne in cire zinariya daga gona ɗaya, ga shi tana neman cika garin duka.

Na ɗaga hannu na ce wa mai gemu, “Malam, kai da ka san zinariya, me ke cin ta?”

Ya ce, “Babu. Ko wuta sai dai ta narkar da ita, ta huce ta dawo yadda take.”

“Asid fa?”

“Wanka yake yi mata.”

Na ce to a kawo asid, amma ba daga motata ba, kada a ce na haɗa shi. Akwai mai gyaran lagireton mota a bakin titi, yana da wanda yake wanke ƙarfe da shi kafin ya liƙa dalma. Mai gemu ya aiki mutuminsa, mai unguwa ya haɗa shi da nasa, domin kowa ba ya yarda da ɗan aiken kowa. Na kuma roƙi a kawo zinariya ta gaske. Mai unguwa ya shiga cikin gida, muka ji muryar mace tana faɗa daga ciki, sannan ya fito da ɗan kunne guda a tafin hannu. Ya ce uwargida ta ce in ya narke, kowa ya nemi garin da zai koma.

Na sa kowa ya ja baya, ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Mai gemu ya jefa ɗan kunnen cikin wani kwano, ya zuba asid. Babu abin da ya faru, sai ma ƙyallin da ya ƙaru. Ya ciro shi, ya ɗauraye, ya miƙa wa mai unguwa, wanda ya sauke numfashi. Sannan ya tsoma gilashin. Rawayar ta fara zamewa tun daga ƙasa, tana dusashewa, har gilashin ya koma fari fat kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, ya kori har waɗanda suka ƙi ja da baya.

Mai gemu ya toshe hanci da gefen rawaninsa ya ce, “Yallaɓai, zinariyar taka tusa take yi.”

Aka yi dariya, har mai unguwa. Ni ban yi ba, amma na ji sanyi. Sai wani ya ce a kawo gilashin farko, na dattijon, a gwada shi ma. Kowa ya juya. Dattijon ya ce ya fashe, jikokinsa sun taka shi, ya zubar da gutsattsarin a masai. Ya faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa. Ban yarda ba, kuma ina jin babu wanda ya yarda, amma warin ya riga ya kashe wa mutane sha'awa.

Na juye ragowar ruwan duka cikin jarka na murɗe murfin. Mai gemu ya matso ya ce, “Abin da ba shi da amfani, me ya sa kake kwashewa?”

Na ce, “Guba ne. In ya shiga rijiyar nan, kai ma ba za ka sha ba.”

Ya daɗe yana duban jarkar. Ya ce, “To, Allah ya sa guba ne.”

Mai unguwa ya yanke hukunci: a cike ramukan, kada a sake sara diga a gonar. Masu haƙar suka cike, ba da son rai ba, suka koma neman aikin gini. Na sa rigata, na je in yi wa dattijon sallama, ina tsammanin ko da kalma ɗaya ta godiya. Ya raka ni har mota. Ya ce, “Oga, kada ka zo kuma. In mota yana zuwa, su ma za su dawo.” Na ga gaskiyarsa, duk da ta yi mini zafi. Daga nan ruwan sama na riƙa tarawa daga rufin kwano, ina adana shi a ganguna har rani. Aikin ya ci gaba, ɗalibai sun koya a hannuna, amma fatar ba ta sake fitowa kamar ta ruwan Uke ba.

Shekaru suka wuce, na yi ritaya. Na riƙa jin labari cewa ana haƙar zinariya a wasu wurare na yankin nan, ta gaske wannan karon, kuma gonaki da dama sun zama ramuka. Wata rana ina dawowa daga ta'aziyya a Keffi, a motata ta kaina, na ce a tsaya a Uke. Garin ya faɗaɗa har na kusa ɓata. Amma gonar tana nan, kunyoyin doya a jere, an jibge duwatsu a kan maɓuɓɓugar an kewaye ta da ƙaya, sai ɗan siririn ruwa ke fita ta ƙasa. Wanda bai sani ba zai wuce.

Dattijon yana raye, ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke noma. Ya gane muryata kafin fuskata. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kori kowa. Sannan ya ce, “Oga, ban gode maka ba wancan rana. Mutane suna kallo. Yau zan gode.”

Na ce babu komai, gaskiya ce kawai na nuna.

Ya yi dariya a hankali, irin ta wanda aka haɗa baki da shi. Ya ce, “Babu kowa a nan, Oga. Ka rufe idonsu da kyau. Ka yi na ƙarya a gabansu, mai wari, suka tafi. Masu haƙa sun zo sau da yawa bayan haka, ina ce musu oga na gwamnati ya gwada, babu komai, ku tambayi mai unguwa. Suna wucewa.”

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙullin tsumma, ya warware shi a hankali. Gilashin ne. Bai fashe ba, ko kwarzane babu. Ya riƙe shi ta gefe, yadda na koya masa.

“Wannan ne na gaskiya. Ban nuna wa kowa ba, ko yarana.”

Na ce, “Baba, ni ban taɓa yin ƙarya a kan aikina ba, ko a gaban minista. Wannan da wancan abu ɗaya ne. A aika bakin titi a kawo asid, yanzu in nuna maka.”

Ya janye gilashin zuwa ƙirjinsa. Ya ce, “A'a. Ka bar shi haka.”

Na roƙe shi ya bar ni in duba kawai. Ya miƙo, bai saki ɗaya gefen ba. Na karkata shi ga hasken ƙofa. Bayan duk waɗannan shekaru fatar tana nan sumul, launi ɗaya daga sama har ƙasa, babu tabo, babu inda ta ɗaye. Na sake maimaita masa cewa kadmiyom ne da farar wuta, kuma kada ya bari yaro ya kai shi baki. Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce ya gane, ba zai gaya wa kowa ba.

Na fito raina a ɓace, domin an gode mini a kan ƙaryar da ban yi ba, kuma babu hanyar da zan wanke kaina sai in narkar da gilashin a gabansa. Da muka isa mota na tarar an riga an sa doya a baya. Na laluba aljihu, na sami goro, na miƙa masa. Wannan karon ya karɓa.